Ordinatar da Na Ɓoye a Rumbu

Ina farawa da sunan Allah, wanda kwana da wata ba sa ɓace masa.

A shekarar da sojoji suka karɓi mulki, damina ta yi mana rowa a Matameye. Ruwan farko ya sauka, muka yi shuka, hatsi ya tsiro har ya fara rufe ƙasa, sai sama ta ɗauke. Kullum da yamma hadari ya taso daga gabas, mu fito ƙofar gida muna kallo, iska ta kwashe shi ta wuce. Aka yi roƙon ruwa a filin idi, aka sake yi. Shuka ta kwanta.

Ƙanena, wanda ke bi na, shi ne ƙarfin gidanmu. Ni karatun allo na yi, rubutuna na ajami ne, aikina koyar da manya karatu a zaure. Shi kuwa kowace shekara, in an kai amfani gida, sai ya tafi cin rani Ikko, inda yake aikin gini. A wannan shekarar bai jira kaka ba. Ya dubi gona ya ce babu abin da za a girbe, gara ya tafi da wuri ya nemo mana abinci. Innarmu ta ce bai isa ba. Ita Bafulatana ce ta wajen Dungu, aure ya kawo ta gari, kuma tunda take ba ta taɓa ganin namijin gidanta ya bar gona da damina ba. Suka yi ta ja. Ranar da ya ɗauki jakarsa tana zaune bakin ɗakinta tana tsince wake. Ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "In ka taka ƙofar nan ka bar gonar ubanka, ban yafe ba."

Ya tsaya jim. Amma mota na jira a tasha, kuma yana ganin in ya dawo da buhunan hatsi za ta huce. Ya tafi.

Bai daɗe da isa ba aka yi juyin mulki. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Nijeriya, rediyo kuma ba ta da zance sai na yaƙi, yau a ce za a zo, gobe a ce an fasa. Ana cikin haka aka kira ni daga Ikko aka ce ƙanena ya faɗo daga kan gini, ƙafarsa ta karye. Ba wanda ya furta a gidanmu, amma kowa kalmar Inna ya tuna.

Sai ita ma Inna ta kwanta. Muka kai ta gidan likita, aka ba ta magani, sannan lokotoro, wato babban likitan, ya ja ni gefe ya ce in mayar da ita gida, duk abin da ta nema a ba ta. Na fahimci maganarsa. Ina tafe bayan amalanken da ya ɗauko ta, ba mutuwar ce ta fi tsaya mini a rai ba, don kowa da ranarsa. Abin da nake tsoro shi ne ta tafi ba ta janye wannan kalma ba, ta bar ɗanta kwance a garin wasu da ita a kansa har ƙarshen ransa.

Na kira ƙanena a ƙaramar wayata na kara mata a kunne. Kunnenta ya yi nauyi tun da daɗewa. Ta saurara, ta ture hannuna.

"Wannan ba muryarsa ba ce. Ya mutu kun ɓoye mini, kun sa wani yana yi mini kuka."

"Inna, wallahi shi ne."

"To in ga idonsa."

Aka aro babbar waya a maƙwabta, irin wadda ake ganin mutum a ciki. Ta kai ta har kan hanci, ta ce ba ta ga komai ba sai duhu-duhu kamar tabon miya, don idonta ya yi yana. A nan ne ƙanena ya tuna mini da ordinata, wadda can Nijeriya suke ce wa kwamfuta. Tsohuwa ce, irin mai buɗewa kamar littafi, ya kawo mini ita wata shekara don in riƙa sauraren karatun Alƙur'ani. Fuskarta ta kai faɗin faifai. Ya ce in an haɗa ta da rezo, wato intanet, Inna za ta gan shi kamar yana zaune gabanta.

Ta waya ya yi ta koya mini, yana kwance da ƙafa a ɗaure. Na sayo kile, wani ɗan abu kamar yatsa da ake sa wa layin waya a soka a gefen ordinata. Na soka, shiru.

"Yaya, kafin komai kashe ta ɗungum, ka ɗan jira, ka sake kunnawa. Rabin ciwonta wannan ne maganinsa."

Na yi. Shiru.

"Duba can ƙasa ta hannun dama. Me ka gani?"

"Wani ɗan abu kamar tsuntsu."

Ya yi dariya har ya yi nishi don ƙafa. "Ba tsuntsu ba ne, jirgin sama ne. Wa ya goge mata ƙura?"

Matarsa ce ta goge, da tsumma, ta danne maɓallin da ke yanke ta daga duniya. Na danna maɓallin, jirgin ya tafi. Ya ce kuma in sauke ta daga kan katifa, don ta ƙasa take shan iska, in an toshe sai ta yi zafi ta riƙa tsayawa. Na ɗora ta kan kujerar tsakar gida. Ya ce in matsa kusa da taga, bangon laka yana tare rezo. Ni ba na karanta Faransanci, da siffa nake gane abubuwa: wannan mai kama da ƙwallo, wancan mai kama da tsani. Da haka, wata ranar da hantsi, sai ga fuskar ƙanena ta cika gilashi, ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu. Matarsa ta rufe baki da mayafi. Na leƙa ɗakin Inna na tarar barci ya ɗauke ta, bayan ta daɗe ba ta samu ba. Muka ce a bar ta, gobe ma rana ce.

Goben ba a kawo wuta ba, jibi ma haka. Batirin ordinata ya mutu murus. Ta yi kwanaki a rufe kafin in samu wuri wajen wani mai shago da ke da faifan hasken rana, don layin wayoyi a wajensa ya fi layin famfo. Da na dawo da ita na kunna, na bi duk abin da aka koya mini, amma maimakon fuskar ƙanena sai wani jan abu mai kusurwa uku ya fito, da rubutu a ƙarƙashinsa. Na kashe na kunna, ya dawo. Na zare kile na mayar, ya dawo.

Na aika aka kira maƙwabcina, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya yi ritaya, wanda muke ce wa Mushe kamar yadda ake kiran malaman lakwal a nan. Ya gyara tabarau ya karanta a zuci, ya sake karantawa. Na ga ya waiga ƙofar zaure.

"Malam, rufe ta."

"Me ta ce?"

Ya rage murya. "Ta ce haɗinku ba na sirri ba ne. Ta ce mai yiwuwa akwai waɗanda ke neman ɗaukar bayananku." "Da wa kake magana a cikinta?"

"Da ƙanena, a Ikko."

"A Ikko. A wannan lokaci."

A kwanakin nan magana ta yi yawa a gari. A majalisa ana cewa duk wanda ke hulɗa da ƙetaren iyaka ana saurarensa, ana cewa akwai na'urar da ke nuna gidan mutum. Ba wanda ya san wanda aka taɓa kamawa, kowa dai ya ji daga wanda ya ji. Ga shi yau na'urar da kanta ta faɗa mini, da jan rubutu, cewa ana kallona. Mushe ya tashi, ya ce shi bai zo gidan nan yau ba, bai ga komai ba.

Na naɗe ordinata cikin buhu. Na rasa inda zan sa ta, sai idona ya kai kan rumbu. Babu ko zangarniya a ciki tun kafin azumi, ba mai leƙa shi. Na hau na zura ta can ƙasa, na mayar da murfi. Kilen kuwa na cusa shi cikin jinkar rumfar awaki.

Daga ranar ban sake zama da natsuwa ba. In ina ba da karatu a zaure mota ta rage gudu a titi, sai bakina ya tsaya tsakiyar aya. Wata rana motar jandarma ta tsaya gaban masallacinmu. Na kasa tashi daga kan buzu, ina lissafin yaran gidan da wanda zai ciyar da su, na ƙanena da nawa. Ashe ruwa suka tsaya zuba wa mota. Wayar ma na fara tsoronta. In ƙanena ya kira sai in bar ta ta yi ta kuka, in kuma na ɗauka ba na wuce gaisuwa.

"Yaya, yaya maganar ordinata?"

"Lafiya lau. Ruwa muke jira."

"Wane ruwa? Yaya, gaya mini gaskiya, Inna ce ta ƙi gani na?"

"Allah ya ƙara sauƙi," na ce, na kashe.

Da na faɗa masa abin da na gani, da ya warware mini shi nan take. Amma ta yaya zan faɗa, alhali ina ganin akwai kunne na uku a kan layi? Shi yana can yana zaton uwarsa ta rufe masa ƙofa. Ita kuma tana nan tana raguwa. Ta daina cin tuwo, sai kunu, daga baya kunun ma sai an matsa mata. Duk shigata ɗakin tambayarta ɗaya ce: "Ina akwatin da ka ce?" Na gaji da ce mata babu wuta, na gaya mata gaskiya a kunne, cewa hukuma ta gano mu. Ta juya fuska bango.

A layinmu akwai wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, da ke haya, muna ce masa Shef, Babarbare ne daga gabas, dogo, da tsage a fuska. Tunda aka rufe iyaka aikinsu ya ragu, yakan zo jam'i tare da mu. A da mukan tsaya mu gaisa. Yanzu in na hango kakinsa a sahu sai in koma ɗaya gefen, in an sallame in riga kowa fita.

Wata ranar bayan la'asar na ji sallamarsa a ƙofar zaurena. Cikin kaki yake, da hula a hannu. Na fita ina karanta abin da ya zo bakina.

"Malam, ka ɓuya. Na ji an ce tsohuwa ba lafiya, na zo in duba ta."

Ba a hana mai gaida marar lafiya shiga. Na yi masa jagora, muka wuce ta gaban rumbu, ni ina kallon ƙasa. Ya durƙusa bakin ƙofar Inna ya ɗaga murya ya gaishe ta. Ta ƙura masa ido, ta gane launin tufar, ta ji kuma harshensa.

"Wannan wane ne? Babarbare?"

"Shi ne, Kaka. Ubangidanki ya zo."

"Ubangidan wa? Bawana dai. Matso nan, bawa." Ya matsa yana dariya. Ta kama hannun rigarsa. "Ku ne kuka kama mini ɗa a cikin akwati?"

Matar ƙanena da ke riƙe da kofin kunu ta aje shi ta fice. Na buɗe baki in ce zafin ciwo ne ke sa ta sambatu, amma na kasa yi wa uwata ƙarya tana ji.

Ya juyo ya dube ni. Dariyar ta bar fuskarsa. "Malam, wane akwati?"

Na ga babu sauran wurin gudu. Na ce a raina, in tafiya da ni za a yi, a yi bayan na faɗi gaskiya. Na gaya masa komai, tun daga kalmar Inna har jan rubutu.

"Ina take yanzu?"

"Cikin rumbu, Shef."

"Ɗauko ta."

Na hau rumbu na fito da ita duk ƙaiƙayi. Na zaro kile daga jinka, awaki na kallona. Ya zauna kan tabarma, ya hure ƙura, ya kunna. Allah ya sa da sauran wuta a batir. Jan abin ya fito. Ina tsaye a kansa ina jiran ya ce in sa takalmi. Ya karanta, sannan ya kai yatsa can ƙasa ta hannun dama.

"Malam, yanzu wane lokaci ne?"

"Bayan la'asar."

"Ita ta ce tsakar dare ne. Shekarar da take ciki kuwa, ni ko aikin duwan ban fara ba." Ya girgiza kai. "Akwai wani ɗan batiri a cikinta, kamar maɓallin riga, shi ke riƙe mata kwanan wata. Naka ya tsufa. Da babban batirin ya mutu, sai ta manta komai ta koma ranar da aka ƙera ta. To duk shafin da za ta shiga sai ya nuna mata takardar shaidarsa, mai kwanan watan bana. Ita kuma a ganinta bana ba ta zo ba tukuna, sai ta ce takardar jabu ce, ta hana ka wucewa. Aikinmu take yi, Malam, 'yar duwan ce."

"Ba sojoji ba ne?"

"Ni dai ban san abin da manya ke ji da wanda ba sa ji ba, ba zan rantse maka a kan wannan ba. Amma wannan jan rubutun, agogo ne. Ta ofishinmu ma haka take tunda aka yanke wuta, kullum da safe sai mun gaya mata ranar da ake ciki."

Ya nuna mini inda ake dannawa a kan agogon, ya sa ni na gyara da hannuna, rana da wata da shekara, yana karanto mini daga wayarsa. Ya ce duk ranar da ta kwana babu wuta, in fara duba nan kafin in tsorata. Ya ce kuma in wata rana agogo daidai yake amma jan rubutun ya fito, kada in yi masa gardama, in rufe shafin kawai. Ya sabunta shafi. Jan abin ya ɓace.

Na zauna dirshan a ƙasa. Na yi hamdala, amma daɗin bai shige ni ba, don ina tuna kwanakin da ta yi cikin rumbu.

Muka kira ƙanena a waya ya shirya. Muka ɗora ordinata kan turmi a kife, daf da gadon Inna, matar ƙanena ta tallabe ta ta zaunar. Fuskarsa ta fito, amma a yayyage, ta motsa ta daskare, murya na zuwa guntu-guntu. Inna ta ce, "Wannan aljani ne ko mutum?"

Shef ya duba ya ce wata sabuntawa ce ta tashi a ɓoye tana shanye rezo, ya dakatar da ita, ya rufe duk sauran shafuka. Ya ɗan gyaru, bai isa ba. Ya aika aka ɗauko wata doguwar igiyar waya a gidansa, ya haɗa kile a bakinta, ya rataye shi a saman taga. Har yanzu fuskar na tsayawa.

"Malam, rezon yamma ba shi da ƙarfi, ba zai ɗauki hoto biyu ba. Ko ita ta gan shi, ko shi ya gan ta. Zaɓi."

Na kalli batir, ya kusa ƙasa. Na ce, "Ita ta gan shi."

Ya kashe namu hoton. Sai fuskar ƙanena ta tsaya cak, tas, har ana ganin jijiyar goshinsa. Shef ya ƙure muryar ordinata. Inna ta matso, ta miƙa hannu ta shafa gilashin daga goshi zuwa gemu.

"Kai ne?"

"Ni ne, Inna."

"Ka rame. Ba sa ba ka abinci?"

"Suna ba ni, Inna. Inna, ki..." Kuka ya ci ƙarfinsa.

"Nuna mini ƙafar."

Ya karkata wayarsa, muka ga ƙafar a ɗaure cikin farin abu har cinya. Ta daɗe tana kallo. Ni idona na kan batir, ina jin kamar in roƙe ta ta yi sauri, amma ba a gaggauta uwa a irin wannan magana.

"Gonar ma ba ta yi ba," ta ce a hankali. "Ko ka zauna ba ta yi." Ta numfasa. "Na yafe maka, duniya da lahira. Abin da na faɗa na janye shi. Allah ya tashi ƙafarka, ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka biyayya. Ka ji ko?"

"Na ji, Inna. Na ji."

"Malam, ka shaida. Kai ma bawa, ka shaida."

"Na shaida, Kaka," in ji Shef. Wannan karon bai rama ba.

Ƙanena ya share fuska ya ce, "Yaya, don Allah ku kunna naku, in gan ta ko sau ɗaya." Shef ya kai hannu ya danna. Hoto ya daskare, ya yi ta juyawa yana neman rezo. Muna jira gilashin ya yi baƙi, batir ya ƙare.

Washegari na kai ta shagon mai faifan rana tun da sassafe, na zauna a kanta har ta cika. Na gyara agogo da kaina, na rataye kile a taga, fuskar ƙanena ta fito. Amma Inna ta riga ta shiga halin da ba ta gane kowa, idonta a rufe. Na tambaye shi ko in juya masa ya gan ta a haka. Ya ce a'a, in bar shi da muryarta ta jiya. Ya ce in aje ordinatar kusa da kanta kawai. Na aje, na ɗauko Alƙur'anina na buɗe Yasin, ina karantawa daga nan yana bi na daga can.